Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

 Maganar da na ɗauko yau irin wadda ba mu so a yi ta a gaban jama'a ce, watau maganar jinin da ke fita ta dubura sa'ad da mutum ya zaga bayan gida. Na san akwai wadda za ta ce, "Haba Malama, ina ruwan jarida da wannan?" To, ki daure ki karanta, ko ki sa 'yarki ta karanta miki. Ba a kan kowa da kowa zan yi magana ba. Ina nufin matan da aka yi wa gashi a asibiti saboda ciwon daji na bakin mahaifa, suka sami sauƙi suka komo gida, 'yan'uwa suka zo barka, sa'an nan bayan wata takwas, ko shekara guda, ko fiye, sai su fara ganin jini. Yawancinsu ba su san wannan jini yana da alaƙa da gashin da aka yi musu ba, balle su san yana da magani.

Bari in fara da gashin kansa, saboda waɗanda ba su taɓa jin labarinsa ba. Ciwon daji na bakin mahaifa, wanda wasu ke kira sankara, shi ne na biyu wajen kama mata a Nijeriya, bayan na nono. A ƙididdigar 2020 ya kama mata wajen 12,000 a ƙasar nan, kuma wajen 8,000 suka rasu saboda shi. Da yake matanmu ba su cika zuwa asibiti da wuri ba, sau da yawa ciwon ya wuce a yanke shi da wuƙa, sai dai a gasa shi. Gashin nan ba da wuta ake yi ba. Wani haske ne mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, inji ke harba shi cikin mara don ya kashe ƙwayoyin ciwon. Akan yi wa mace kamar sau 25, Litinin zuwa Juma'a, har mako 5, sa'an nan a ƙara mata da wani gashin na ciki wanda ake sa abin hasken daf da bakin mahaifa. Matanmu na arewa sukan je asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ko Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, wasu ma har Ibadan ko Ikko. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma an buɗe musu wurin gashi a Yamai cikin 2021.

To, ina dubura ta shigo cikin wannan? Duk yarinyar da ta yi darasin kiwon lafiya ta ga zanen da mukan yi a allo. Cikin ƙugun mace abubuwa uku ne a jere, mafitsara a gaba, mahaifa da hanyarta a tsakiya, ƙarshen hanji a baya, kuma abin da ya raba su bango ne siriri. Kowace mai girki ta san idan aka hura wuta a murhu ba tukunya kaɗai ke ɗaukar zafi ba, har bangon madafa yakan yi baƙi. Haka nan komai gwanintar likita wajen saita haske, sai wani kaso ya taɓa ƙarshen hanjin nan.

Taɓawar iri biyu ce. Akwai ta farko wadda kan zo tun ana cikin gashin, ko 'yan makwanni bayansa. Mace takan yi zawo, ta riƙa jin bayan gida ya matse ta amma in ta je ba abin kirki, sai majina, wani lokaci da ɗan jini. Wannan yawanci yakan wuce da kansa bayan an gama gashin, kuma da yake tana gaban likitoci a lokacin, ba ta rasa mai duba ta. Ta biyun ita ce damuwata, gama ita sai an sallami mace ta koma garinsu, ta manta da wahalar da ta sha, sa'an nan take bayyana. Abin da ke faruwa shi ne, ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da bangon hanji sukan yi ta kauri suna tsukewa sannu a hankali, har jini ya kasa isa wurin sosai. Jiki kuwa ba ya zama haka nan, sai ya tsiro da wasu sababbin hanyoyin jini a fuskar bangon, amma sirara ne kamar saƙar gizo, ba su da ƙwari ko kaɗan. Da bayan gida mai tauri ya goge su sai su fashe. Jinin ke nan. Likitoci sun ce cikin mutum 100 da aka yi wa gashi a ƙugu, tsakanin 5 zuwa 20 ne kan gamu da wannan matsala ta baya, wasu da sauƙi, wasu da tsanani.

Idan mace ta ga wannan jini, ɗayan abu biyu takan yi. Wata sai gabanta ya faɗi, ta ce shi ke nan ciwon ya dawo, ta ja bakinta ta yi shiru don kada ta sake ɗora wa mijinta da 'yan'uwanta nauyi bayan an sayar da gona ko shanu an yi mata magani. Tana nan tana ramewa da tunani, alhali sau da yawa ciwon dajin ba ya nan, tabon gashi ne kawai. Wata kuwa, kuma su ne suka fi yawa, sai ta ce ai basir ne.

Wannan kalma ta basir ta ɓatar da mutane da yawa a ƙasar Hausa. Ciwon baya basir, kasala basir, kumburin ciki basir, to balle a ga jini. Ki shiga kowace tasha ko kasuwar ƙauye, za ki tarar da mai mota da lasifika yana lissafa cututtuka goma sha, duk ya ce kwalba ɗaya ke maganinsu. Ban ce babu basir ba. Akwai shi, yana kuma zubar da jini, har macen da aka yi wa gashi ma tana iya samunsa. Amma shi mai lasifikar bai san an yi miki gashi ba, in ma ya sani bai san abin da gashi ke yi wa nama ba. Wasu jiƙe-jiƙen da ake sayarwa na wanke ciki ne, su sa mace zawo ba ƙaƙƙautawa, wurin da ke ciwo ya ƙara ɗayewa. Wasu kuma matsawa ake yi. Akwai masu cusa tafarnuwa, akwai masu haɗi da kanwa ko barkono, akwai masu zama cikin ruwa mai ƙuna. Duk wannan a kan bangon da ya riga ya yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Wanda ya fi duka muni shi ne yanka. 'Yar'uwa, in kin manta da duk abin da na rubuta, kada ki manta da wannan: naman da aka gasa da haske ba ya warkewa kamar sauran nama, domin jinin da zai kawo masa abin gyara ba ya isa gare shi. Idan wanzami ko wani mai cire basir ya sa aska a wurin, ko ya ɗaure da zare, ko ya ƙona, raunin yana iya zama miki wanda zai yi ta ci har ya huda bangon da ke tsakanin hanji da gaban mace. Daga nan bayan gida da iska su riƙa biyowa ta gaba. Mun san irin wulaƙancin da masu yoyon fitsari ke sha a gidajenmu, to wannan ya fi shi wuyar ɗinkewa, gama nama ne wanda ba ya kama zare. Ko a asibiti ma, in likita bai san tarihinki ba yana iya ɗaukarsa basir ne ya yi miki aikin basir. Saboda haka kalmar farko da za ta fito daga bakinki, tun kafin a tambaye ki, ita ce, "Likita, an yi mini gashi a mara, shekara kaza, a wuri kaza." Ki nuna katinki. In da hali ma, ki koma can inda aka yi miki gashin, su suka fi sanin abin.

Abin da likita zai yi ba abin tsoro ba ne. Zai auna jininki ya ga ko ya ragu, ya sa a duba bayan gida, domin a ƙasarmu atini da tsargiyar hanji su ma suna kawo jini. Zai duba bakin mahaifa ya tabbatar ciwon bai dawo ba. Sa'an nan akwai wata igiya mai laushi, kaurinta kamar yatsa, da fitila da madubi a bakinta, wadda ake zurawa ta dubura a ga bangon hanjin ƙuru-ƙuru. Da ita ake gane ko tabon gashi ne, ko basir, ko wani sabon ƙari a hanji. Likitan da ya san aikinsa ba ya gaggawar gutsurar nama a wurin da aka gasa don gwaji, sai in ya zama dole, saboda dalilin nan da na faɗa. Na san wasu za su ce ba za su iya buɗe wa namiji wannan wuri ba. Ki nemi likita mace in akwai, ko ki ce nas ta tsaya tare da ke, hakkinki ne. Amma fa ki tuna kin riga kin jure abin da ya fi wannan a ɗakin gashi, da ɗakin haihuwa.

Yanzu sai magani. Idan jinin ɗan kaɗan ne, watau ɗigo jefi-jefi, kuma awo ya nuna jinin jikinki bai ragu ba, likita yana iya cewa ba sai an yi komai ba sai lura da gyaran abinci. Kada ki ɗauka ya raina ciwonki. Irin wannan sau da yawa yakan tsaya da kansa cikin watanni, ko shekara ɗaya zuwa biyu, kuma taɓa wurin ba dalili ya fi barinsa haɗari.

Idan jinin ya fi haka, abin da aka saba farawa da shi wani magani ne mai suna sukralfet. Asalinsa na gyambon ciki ne, sha ake yi, amma a nan ɗura shi ake yi ta dubura. Akan dama giram 2 cikin ruwa mai tsabta kamar mililita 20, watau cokalin shayi 4, a zuba a sirinji marar allura mai ɗan bututu mai laushi, a shafa wa bakin bututun mai, a ɗura a hankali safe da dare. Maganin yakan manne a fuskar raunin kamar yadda ake yaɓe bango, ya kare shi har ya sami damar warkewa. Nas za ta koya miki sau ɗaya ko biyu, daga nan ke da kanki za ki riƙa yi a ɗakinki. Ki fara zagawa tukuna, sa'an nan bayan kin ɗura ki kwanta rub da ciki, domin bangon gaba na hanjin shi ya fi shan haske, a kansa ake so maganin ya zauna. Ki riƙe shi gwargwadon iyawarki kafin ki tashi. Abin da ke kayar da mata a nan shi ne gajen haƙuri. Wata ta yi kwana biyar ba ta ga canji ba sai ta watsar ta koma wa mai lasifika. Wasu sukan ga sauƙi cikin mako 4, wasu sai sun yi wata 3 ko 4 suna yi. A ganina wannan magani ya kamata a ce kowane babban asibitin jiha ya san da shi, gama ba ya bukatar inji ko lantarki, kuma mace tana iya yinsa tana gidanta tana hidimar 'ya'yanta. Wani lokaci likita yakan haɗa da ƙwayar Flagyl na 'yan makwanni, musamman in akwai zawo. Amma duk wannan da umarninsa ne bayan an duba, kada ki aiki yaro kemis da wannan jarida a hannu.

Idan ɗuri bai tsayar da jinin ba, ko kuwa jinin ya yi yawa har ana ƙara wa mace jini, sai a toshe sababbin hanyoyin nan masu fashewa. Hanya ɗaya ita ce ta igiyar nan mai fitila. Akan bi ta cikinta a fesa wata iska mai suna agon wadda ke ɗauke da lantarki, ta ƙone fuskar hanyoyin jinin sama-sama, zurfin bai wuce milimita 2 ko 3 ba. Yawanci ba a sa mutum barci mai nauyi, kuma ranar yake komawa gida, sai dai tilas a wanke hanji tas kafin a yi, kuma akan maimaita sau 2 ko 3 da tazarar makwanni. Ba kowane asibiti ke da injin ba, sai ki tambaya a tura ki inda yake.

Ɗaya hanyar kuwa za ta ba ku mamaki. Fomalin ne, ruwan nan mai hawa ido da ake adana gawa da shi, wanda 'yan makaranta suka sani cikin kwalaben da ake jiƙa kwaɗo da maciji a ɗakin kimiyya. Tun 1986 likitoci suka fara ba da rahoton amfani da shi a wannan ciwo. Akan sirka shi ya koma kashi 4 cikin 100, likitan fiɗa ya jiƙa auduga ya ɗora daidai inda ke jini na minti 2 ko 3 har wurin ya yi fari, bayan ya kare fatar waje kada ruwan ya taɓa ta, sa'an nan ya wanke. Yana da araha, yana kuma tsayar da jini ga mafi yawan waɗanda aka yi wa. Amma a hannun wanda bai iya ba yakan ƙone hanji, ya kawo miki ko tsukewar dubura. Na faɗi sunansa ne don kada ki firgita in likita ya ambace shi. Guba ne, ba abin da za a shigo da shi gida ba ne.

Akwai kuma wani ɗaki na ƙarfe da ake shigar da mutum ya shaƙi iskar oksijin zalla da matsi mai ƙarfi, kamar awa ɗaya da rabi kullum har sau 30 ko 40. Yana da tsada, yana da wuyar samu a wajenmu, su likitocin ma bakinsu bai zo ɗaya a kan amfaninsa ba. Fiɗa ita ce ta ƙarshe, ga 'yan ƙalilan da hanjinsu ya huje ko ya toshe ko jini ya ƙi tsayawa, inda akan karkatar da bayan gida ya riƙa fita ta ciki zuwa cikin jaka don wurin ya huta.

Ko wane magani ake yi miki, akwai naki aikin a gida, kuma babbansa shi ne kada ki bari cikinki ya ɗaure. Ki sha ruwa sosai, musamman da bazara. Miyar kuka da kuɓewa da karkashi abokanki ne, haka zogale da alayyaho da gwanda. Yaji kuwa, wanda mu mata ba mu iya cin abinci sai da shi, ki rage, in kin lura yana sa miki raɗaɗi ki bar shi. Kada ki daɗe a tsugune kina yunƙuri. Ki yi tsarki da ruwa mai ɗumi kaɗan, a hankali, ban da tura yatsa. Saboda jinin da kike asara, ki nemi hanta da nama da wake gwargwadon hali, kuma in an ba ki ƙwayar ƙarin jini ki sha, sai dai ki sani takan baƙanta bayan gida, takan kuma ɗaure ciki, saboda haka ki gaya wa likita in ta dame ki. Kada ki kora ta da shayi, yana hana ta shiga jiki. Sa'an nan ki yi hattara da ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye a tire ko a kemis, irin su asfirin da ibufurofen da dikulofenak, gama suna ƙara zubar jini. In kuwa likita ne ya ɗora ki a kan asfirin ko maganin tsinka jini saboda zuciya, kada ki daina da kanki, ki koma ki gaya masa.

Akwai alamun da ba a jira gari ya waye a kansu. In jini yana zuba guda-guda, ko kina ganin jiri in kin miƙe, ko zuciya na bugawa da sauri kina haki daga ɗaki zuwa madafa, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, ko kin ga bayan gida ko iska na fita ta gaba, ko ciki ya kumbura bayan gida ya ƙi fita ga amai, to a nemi mota a lokacin. Ku tafi da 'yan'uwa maza biyu ko uku waɗanda za su iya ba da jini.

Ina jin tsoron abu ɗaya, kada wata da likita ya ce a yi mata gashi ta karanta wannan ta ce ta fasa. Kul! Mafi yawan waɗanda aka yi wa gashi ba su gamuwa da wannan jini, injinan zamanin nan kuma sun fi na da iya saita haske, kuma kin ji da kunnenki jinin yana da magani hawa-hawa. Ciwon dajin da aka ƙyale shi ne ba ya barin mai shi. Haka kuma ku matan aure ku lura da mazanku da iyayenku maza, domin su ma akan yi musu gashi a ƙugu saboda sankarar wata ƙwaya da ke ƙarƙashin mafitsara, kuma su ma jinin nan yakan biyo baya. Sun fi mu ɓoyewa, sun kuma fi mu sayen kwalbar tasha.

Ku kuma 'yan makaranta, ga naku. In akwai wadda aka yi wa gashi a gidanku, uwa ce ko goggo ko kaka, ki nemo katinta da takardar sallama ki sa su a leda ki adana inda ruwa da gara ba za su taɓa ba. Ki sami ƙaramin littafi ki rubuta sunan asibitin, da watan da aka fara gashin da wanda aka gama, da sau nawa aka yi. In ta fara ganin jini, ki riƙa rubuta ranar da yawansa, ɗigo ne, ko cokali, ko fiye, da magungunan da take sha har na gargajiya. Ranar zuwa asibiti ki raka ta da littafin a hannu, gama tsofaffinmu in sun ga farar riga sai su ce "da sauƙi" ko da ba sauƙin. Ke kanki kuma, in shekarunki tsakanin 9 da 14 ne, tun watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta sa rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa cikin alluran da ake yi kyauta. Sau ɗaya ake yi a dantse. Ki tambayi mahaifiyarki ko an yi miki, in ba a yi ba ku je asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ku tambaya.